Monazait da alanait da ruwan zafi ya taɓa a cikin giranit: me kuka gani da idonku?

Ɗalibar_Duwatsu:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina aikin digiri na biyu a kan wani dutsen giranit, kuma kaina ya ɗaure. Samfuran da na ɗebo kusa da jijiyoyin kuwaz, wato tsagogin dutse da farin ma'adinin kuwaz ya cika, sun yi ja, baƙin ma'adinin bayotait ɗinsu ya rikiɗe ya koma kulorait kore. Da sakamakon awo ya fito, lantanam da siriyam da niyodimiyam sun ragu ƙwarai idan aka gwada da lafiyayyen dutsen, amma toriyam yana nan kusan yadda yake. A aji an ce mana ƙarafan nan masu wuyar samu, wato REE, ba sa motsi da sauƙi. To ina suka tafi? Duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Mai_Madubi:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki nemi inda suka tafi, ki fara gano inda suke zaune tun farko. A giranit, kaso mafi tsoka na REE yana cikin 'yan ƙwayoyin ma'adinai da da ƙyar ido ke ganinsu: monazait, alanait, zenotaim, afatait, zirkon.

A nawa samfuran alanait ne mai kayan. A lafiyayyen dutse ƙwayar launin ƙasa gare ta mai duhu, kuma tsage-tsage sun fita daga jikinta ta kowane ɓangare sun shiga ma'adinin felsfa da ke kewaye da ita. Toriyam da yuraniyam da ke cikinta ne suka shafe miliyoyin shekaru suna ragargaza tsarinta daga ciki, har ta kumbura ta fasa maƙwabtanta. Ta waɗannan tsagogin ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa ya samu hanya. A dutsen da ya yi ja, siffar ƙwayar tana nan daram, amma cikinta ya zama kamar itacen da gara ta cinye. Da na sa ta a madubin ilektiron, sai ga siraran allurai masu haske cike da ramin, basnasait ne da sinkisait, ma'adinai masu REE, cakuɗe da kulorait da yumɓu da ɗige-ɗigen torait, ma'adinin toriyam. Wasu alluran ma a cikin tsaga na same su, 'yan milimita nesa da uwar ƙwayar.

Ruwan ya zo da iskar kabon da fulorin, ya narkar da alanait, wani ɓangaren REE ya sake daskarewa nan take, wani ya bi ruwa. Toriyam kuwa ba ya son narkewa, shi ya sa kika same shi inda aka bar shi.

Ɗan_Fili:
Wannan batun toriyam ɗin a riƙe shi da kyau. Ni aikina a fili ne, na'urar auna tururin nukiliya a hannu. Na sha tsayawa a kan dutsen da na'urar ke ta kuka, a ɗebi samfur a kai awo, a tarar REE ɗin ba wani abin kirki. Toriyam na'urar ke ji. Abin da na fi dogara da shi yanzu shi ne siraran jijiyoyin fulorait, ma'adini mai fulorin, masu launin shuni mai duhu. Inda na gan su, sai in ɗebi jijiyar daban, dutsen gefenta daban.

Malamar_Ma'adinai:
Ɗalibata, naki zai iya zama monazait, kuma shi salonsa daban ne. Abin da na fi gani shi ne zobba. A tsakiya ragowar monazait, kewaye da shi afatait mai ɗige-ɗigen torait, sai zoben alanait, sai efidot a can waje. Wani masanin duwatsu mai suna Finger da abokan aikinsa sun bayyana irin wannan a 1998 daga tsaunukan Alps na gabas, kuma duk wanda ya gan shi sau ɗaya ba zai manta ba. Ruwa mai kalsiyam ne ke yin sa: fosfet ɗin monazait ya haɗu da kalsiyam ya zama afatait, REE su matsa waje kaɗan su shiga alanait. A irin wannan, awon dutsen gaba ɗaya ba zai nuna miki an rasa komai ba, domin tafiyar ba ta kai milimita ɗaya ba.

Abin da ke damuna, kuma ina yawan faɗa wa ɗalibai, shi ne auna shekaru. Monazait da ruwa ya narkar ya sake ginawa yakan zubar da dalmar da ya tara daga rugujewar toriyam da yuraniyam, wadda da ita ake lissafa shekarunsa. Ƙwaya ɗaya sai ta ba ki shekaru iri biyu: cibiyarta ta ba ki lokacin da giranit ya daskare, facin gefenta ya ba ki lokacin da ruwan ya ratsa. Wanda ya haɗa su ya ɗauki matsakaici ya samo shekarar da babu abin da ya faru a cikinta. Ki ɗauki hoton kowace ƙwaya kafin ki harba mata hasken leza don auna shekarunta.

Mai_Ɗigon_Ruwa:
Ni ruwan da kansa nake dubawa, wanda ya maƙale a cikin kuwaz. Ɗan ɗigo ne, a cikinsa kumfar iska na rawa, a gefe kuma ƙwayar gishiri mai kusurwa huɗu. Ganin wannan gishirin ya sa na yarda da sakamakon gwaje-gwajen Migdisov da Williams-Jones na Jami'ar McGill a Kanada. Da can an fi ɗauka fulorin ne ke jigilar REE. Su suka nuna cewa a ruwa mai zafi da tsami, kulorin ne ya fi yin dakon, salfet ma na taimakawa, fulorin kuwa sauke kaya yake yi, domin haɗinsa da REE ba ya narkewa. Kuma kulorin ya fi riƙe masu sauƙin nauyi irin lantanam fiye da masu nauyi irin disfurosiyam. Wannan ya dace da naki, tunda masu sauƙin ne suka ragu.

Ɗan_Fili:
Sai dai kada ta tafi da cewa ruwan zafi kwashewa kawai yake yi. A Strange Lake, kan iyakar Kwibek da Labrador, ruwan ne ya sake rarraba REE da zirkoniyam a cikin giranit ɗin. Kudancin Sin ya fi wannan ban mamaki. A Longnan ta lardin Jiangxi, ruwan zafi ya riga ya mayar da REE masu nauyi cikin ma'adinai masu saurin ruɓewa irin sinkisait mai itiriyam. Da ruwan sama ya daɗe yana cin dutsen, sai ma'adinan suka saki REE, su kuma suka manne a jikin yumɓun kawolinait da haloisait. Yawan REE a cikin wannan yumɓun sau da yawa bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, amma da ruwan amoniyam salfet ake wanko su. Da a cikin zirkon ko zenotaim suka zauna, ruwan sama ba zai iya da su ba.

Ɗalibar_Duwatsu:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na koma kan madubi, kuma alanait ne, da ramukan da Mai_Madubi ya kwatanta. Saura tambaya ɗaya, Malama: yaya zan bambance aikin ruwan zafi da na ruwan sama, tunda a saman dutse na ɗebi samfuran?

Malamar_Ma'adinai:
Ki dubi siriyam. Kusa da iska yakan sauya caji daga uku zuwa huɗu, ya ƙi tafiya, ya bar 'yan'uwansa su wuce. Idan ya yi tsalle sama shi kaɗai a jadawalinki, akwai hannun ruwan sama. Idan ya sauka tare da lantanam da niyodimiyam, ga kulorait da fulorait a dutsen, to ruwan zafi ya fi kusa. Sannan kada ki gwada lambobin kai tsaye, domin idan ruwan ya ƙara wa dutsen silika, komai zai yi kamar ya ragu. Ki yi lissafin Grant na 1986, ki auna komai da abin da bai motsa ba, kamar alminiyam ko taitaniyam. Zirkoniyam ma yana yi, amma sai kin tabbatar zirkon ɗinki bai ci duka ba, don ruwa mai fulorin yana taɓa shi. Idan kin samu dama, ki ɗebo jijiyar kuwaz ɗin ita kanta ki kai awo, ki turo mana jadawalin mu gani.