Ya zan kai motar tsere Yamoussoukro da araha?

Direba_Adjame: Salam 'yan uwa, ina so in kai motata gasar tseren motoci ta Rallye Bandama a Yamoussoukro daga Abidjan, kuɗin hayar babbar mota ya fi ƙarfina wlh, ko in ɗaura igiya kawai a ja ta?

Bakanike77: Kai ɗan uwa rufa wa kanka asiri, sama da kilomita 200 da igiya? in mai jan ƙafa huɗu ce giyabos zai tashi aiki kafin ka isa. Nemi aron tirela mai birki ka maƙala wa Hilux, ka ɗaure tayoyin huɗu da bel.

Baba_Gareji: Mu haɗa kuɗi muke mu biyu a loda motocin tare a babbar mota ɗaya, kowa ya biya rabi, har tayoyin safaya da jarkoki su samu waje.

Direba_Adjame: Baba akwai sauran waje bana?