Regileta ta hannu: a saya ko a haƙura?

Bashir: Assalamu alaikum. Na kammala kwas ɗin farko na nutso a Dahab da ke ƙasar Masar, kuma wani mai shago ya yi mini tayin regileta ta hannu, wato na'urar da mai nutso yake shaƙar iskar silinda da ita, a kan rabin kuɗin sabuwa, ya ce bara aka yi mata sabis. Ina neman shawarar manya kafin in biya.

Injiniya Lawal: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga ciniki, karɓi lambar da aka buga a jikin matakin farko, wanda ake ɗaurawa a kan silinda, ka duba ko tana cikin kayan da aka yi wa kiranye, wato waɗanda kamfani ya janye saboda aibi, domin hukumar CPSC ta Amurka, mai kula da amincin kayan da ake sayarwa, tana wallafa su. A 2018 kamfanin Huish Outdoors ya janye wasu regiletocin Oceanic da Hollis saboda suna iya tauye iska idan matsin silinda ya sauko ƙasa da psi 500, wato wajen bar 35. Irin wannan aibi ba ya bayyana a shago, inda ake gwadawa da cikakkiyar silinda, sai a ƙarshen nutso, lokacin da mutum ya gaji yana shirin tasowa.

Malam Habu: Ƙanena Bashir, bari in ba ka labarina, ka ɗauki abin da za ka ɗauka. Na taɓa sayen ta hannu mai tiyo irin saƙaƙƙen nan mai laushi, na ajiye ta wata takwas a ɗakina na Fatakwal, inda zafi da laima ba sa ɗaga ƙafa. Ranar da na koma ruwa, a bisa jirgi na ja numfashi sau uku na ji lafiya lau. Muna kai mita 18 sai iskar ta soma zuwa da ƙyar, kamar mai zuƙar kunu mai kauri ta tsinken ciyawa, alhali allurar geji mai auna matsin iska tana nuna silinda ba ta ko kai rabi ba. Na koma kan abin shaƙa na ajiya da ke haɗe da regiletar, shi ma haka, domin tiyonsu iri ɗaya ne, shekarunsu ɗaya. Da iskar abokin nutsona na taso, ina riƙe da damtsensa. Da mai gyara ya tsaga tiyon a gabana, sai ga wasu farare-fararen ɓarɓashi kamar dakakkiyar kanwa suna zubowa a kan tebur, wasu kuma sun cushe mashigar matakin baki, wato sashen da ake sawa a baki. Rufin cikin tiyon ne ya ruɓe, ta waje kuwa ko ƙwarzane babu. Daga baya na ga ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta yi gargaɗi a kan wannan matsala, ta ce ta fi aukuwa a wurare masu zafi da laima. Tun daga ranar, kowane tiyo sai na bi shi da yatsu ina matsawa ina lanƙwasawa, inda duk na ji tauri ko ƙurji na yar da shi.

Alhaji Tanko: Allah ya kiyaye gaba, amma Malam Habu, wannan laifin tiyo ne da ajiya, bai kamata a ɗora wa regileta ba.

Malam Habu: Alhaji, a mita 18 huhuna bai tambayi wane sashe ne ya yi laifi ba.

Injiniya Lawal: Maganar sabis ɗin bara ma kada ta kwantar maka da hankali. A 2006 kamfanin Scubapro ya janye matakin farko samfurin MK20 saboda idan mai gyara ya ɗaure maɗaurinsa fiye da kima a lokacin sabis, ƙarfen yana iya tsagewa, iska ta yanke. Saboda haka a tambayi wanda ya yi sabis ɗin, a kuma nemi takardarsa.

Maryam: Ni ban ga abin da ya sa sabon ɗan koyo zai sayi tasa ba, alhali kowace cibiya a Bahar Maliya tana ba da haya.

Alhaji Tanko: Ta haya da baki ɗari suka tauna? Ni kam a kai kasuwa.

Maryam: Abin taunawar ana sauya shi cikin minti biyu, Alhaji, kuma cibiyar kirki ta fi yawancinmu kula da ranar sabis. Wanda ya sayi ta hannu kuwa, kamfani bai san da zamansa ba, saƙon kiranye yana tafiya ne ga mai ita na farko da ya yi rajista.

Injiniya Lawal: Wannan gaskiya ce, shi ya sa ko sabuwa mutum ya saya ya kamata ya yi mata rajista a ranar.

Bashir: Na gode ƙwarai. To, in saya ke nan ko in haƙura?

Malam Habu: Ɗauko mana hoton lambar tukuna, da hoton bakin kowane tiyo, domin galibi akwai shekarar da aka ƙera shi a wajen.