Taƙaitaccen bayani kan hawa matakan wahala bayan kammala labarin wasa

Ga abin da tattaunawar 'yan wasa ta tsaya a kansa game da yadda da kuma lokacin da ya kamata a ƙara wahala a wasannin bidiyo na harbi da tara ganima.

1. Kusan kowa ya yarda cewa kada a hau mataki sai abokan gaba na matakin da ake ciki sun fara faɗuwa cikin sauri. Wanda ya tsallake kai tsaye zuwa Mayhem 10, wato mataki na goma na ƙarin wahala a wasan Borderlands 3, da bindigar da ya samu a matakin ƙasa zai ƙarar da harsashinsa a jikin abokin gaba guda, domin ƙarfin makami yana bin matakin da aka same shi.

2. Haɗin kayan yaƙi ya fi lambar ƙarfi muhimmanci. Sulke da bindiga da basirar da ke taimakon juna sun fi tarin kayan zinare, wato kaya masu babbar daraja a wasan, da ba su dace da juna ba.

3. A wasan Destiny 2, a binciki irin zakarun (Champions, wato abokan gaba masu kariya ta musamman) da za a tarar kafin shiga, a ɗauki makamin da ke karya kowannensu.

An rabu a kan Mayhem 11, matakin da ke bin Mayhem 10 a Borderlands 3. Wasu sun fi son sa saboda ya cire sharuɗɗan da ke rikita faɗa, wasu kuma sun ce rage ganimar da ya yi hasara ce, kuma a ganina hujjar masu neman kaya ta fi ƙarfi.

Batun a ɗauki sabon ɗan wasa a ƙungiya ma bai samu matsaya ba, domin yana samun kaya ba tare da ya koyi kare kansa ba.