Don Allah ku taimaka, an ƙi barin wayifai ɗin shagona

Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi rautar shagona ta hana ni barci, data ɗin da ke yi min wata yanzu kwana goma ta ƙare, in na shiga 192.168.1.1, wato shafin saitin rautar, sai in ga wayoyi biyu da ban san su ba, na canza faswod sau uku amma washegari sun dawo.

Da farko na zaci KRACK ne, raunin WPA2 (tsarin tsaron wayifai) da mai bincike Mathy Vanhoef ya bayyana a 2017, sai na karanta cewa shi ba ya tona faswod. Yanzu WPS nake zargi, wato hanyar haɗa waya da rauta ba tare da faswod ba, tunda lambar sirrinsa alƙaluma 8 ce kawai kuma ana iya cinkarta. Na kashe shi a saitin amma fitilarsa tana ta ƙyaftawa har yanzu.

Na sauko da sabon famwaya, wato manhajar da ke tafiyar da rautar, in na loda sai ya tsaya a rabi ya ce fayil ɗin bai dace ba, ko lambar da ke bayan rautar ce ban duba daidai ba? Wani abokina ya ce in sa OpenWrt, wani famwaya da ake sawa a madadin na kamfani, ni kuma tsoro nake rautar ta mutu gaba ɗaya, da ita nake yi wa mutane rajista. Wanda ya taɓa yi don Allah ya nuna min ta ina zan fara.