Dami uku na karan wiwi a rumbunmu: in tufka igiya ko in ƙone?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shugaba, don Allah a sa min wannan ba tare da sunana ba.

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Garwa da Lagdo, a arewacin Kamaru. Bara na bar wa ƙanina wani yanki na gonarmu ta gado, ya noma abin da zai rufa wa kansa asiri. Ashe wiwi ya shuka, wadda a nan muke ce wa banga, kunya biyu a tsakiyar masara inda mai wucewa ba zai hango ba. Sai bayan kaka na sani. Mun yi tashin hankali sosai, ya yi kuka ya rantse ya bari, yanzu yana Ngaundere wurin kawunmu yana koyon walda.

Shekaranjiya na shiga tsohon rumbu neman lauje, sai ga dami uku na karan, an tsige ganye da kai, ya bushe ƙayau, kowanne ya kai tsayin mutum. Na karya ɗaya, bawon ya salu zare-zare kamar na rama, da na ja shi har ya yanke ni a yatsa. To ni ba na son ɓarna. Zan iya tufka igiyar awaki da shi? Ko in ba mai ɗakina ta hura wuta, tunda itace ya yi tsada? Wani maƙwabci kuma ya ce in dafa wa Inna ta riƙa sha, wai yana maganin ciwon gwiwa. Ban taɓa sha ba, ban san kansa ba. Ku ba ni shawara don Allah.

Maman Ummi, Marwa: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar Inna ce ta fi tsaya min a rai. Kada ka ba ta. Sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira THC, ya fi taruwa ne a furen macen tsiron da ƙananan ganyen da ke kewaye da shi. A kara kaɗan ne, amma akwai shi, kuma ba ka da ma'aunin da za ka san nawa ya shiga tukunya. Tsohuwa in jiri ya ɗebe ta a banɗaki ta faɗi, karayar ƙugu ake magana, ba ciwon gwiwa ba. Balle in tana shan maganin hawan jini. Ga shi karan ya yi wata da watanni a rumbu, ɓera ya bi ta kai, wataƙila ya yi fumfuna. Ka ɗora ta a mashin ka kai ta asibiti a Garwa a duba gwiwar, a gane ko sanyin ƙashi ne ko wani abu daban. Kuma kada wani ya haɗa ku da tramol na bakin kasuwa.

Baban Sadiƙu, Gidar: Idonka bai yi maka ƙarya ba, Malam, zaren gaske ka gani. Turawa sun daɗe suna yin igiyar jirgin ruwa da tufafi da takarda da bawon wannan kara. Har gobe Faransa ce kan gaba wajen nomansa a Turai. Bawon su yi zare, farin cikin karan kuma su farfasa shi su shimfiɗa wa dawakai, ko su kwaɓa da farar ƙasa su yi bangon gida. Sai dai nasu iri ne na daban da aka zaɓa, wanda mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, kuma da izinin hukuma suke shukawa. Maroko ma sai a 2021 ta halatta nomansa don magani da masana'antu, shi ma da lasisi.

Mu a Kamaru ba haka abin yake ba. Dokar 7 ga Agusta 1997 kan miyagun ƙwayoyi ta hana shuka wiwi a duk faɗin ƙasa, ta kuma ɗora wa mai gona ko mai aiki a cikinta nauyin lalata duk wanda ya tsiro masa. Gonar taku ce, rumbun naka ne. Ranar da jandarma suka shigo, ba za su tsaya tambayar wa ya shuka ba, wanda suka tarar da kaya a hannunsa za su fara tasa wa gaba. Igiyar da ba ta fi sefa ɗari biyar ba a kasuwar Pitowa, ita za ka sayi wannan wahalar a kanta?

In igiya kake so, ga rama. Ganyenta ma kama yake da na wiwi, har masana suka laƙaba mata suna saboda kamannin. Ka shuka ta a gefen gona da damina, ka yanke, ka jiƙa damin a kududdufi kamar kwana goma, bawon zai saki da kansa. Ka wanke, ka shanya, ka tufka. Ganyen a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, karan a kunna wuta da shi.

Ɗan Kusuri: Ni dai a ganina an cika tsoro. Kara ne fa busasshe. A sa a murhu a dafa tuwo, magana ta ƙare.

Maman Ummi, Marwa: Haba ɗan uwa, a madafa da yara a gindin murhu? Ba a rasa guntun ganye da fure maƙale a jiki. Kuma warinsa ba ya ɓuya, kafin tuwo ya nuna duk unguwa ta san abin da ake ƙonawa.

Malam na Unguwar Hausawa, Garwa: Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka aikata. Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Wannan ya rufe ƙofar dafa wa mahaifiyarka. Batun ɓarna kuwa, ka kwantar da hankalinka, kawar da abin da zai jawo maka fitina ba almubazzaranci ba ne. Abin da nake jiye maka shi ne yaron. In ya dawo hutun salla ya tarar da igiyar wiwinsa a wuyan akuya, me ka koya masa? Ka kira shi ka gaya masa abin da ka tarar da abin da za ka yi da shi, cikin lallashi. Ka kuma tambayi kawunku su wa yake zama da su a can.

Goggo Mai Nono: Kada ka kuskura ka zuba wa awaki ko shanu ragowar. Yana sa dabba layi, kuma yana fita a nono.

Baban Sadiƙu, Gidar: Na manta abu ɗaya. Kada ka yi shi a ɓoye kamar mai laifi. Ka je wurin jauro, wato mai garinku, ko lawan da ke sama da shi, ka faɗa masa gaskiya, a lalata a gabansa, in ya ga ya kamata a sanar da hukuma shi ya san hanya. Sannan ka share ƙasan rumbun tas, don ƙwayar irin tana zubewa. Ruwan farko in ya sauka, ka zagaya inda aka yi kunyoyin nan, duk wanda ya tsiro ka tuge shi tun yana ƙarami.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan la'asar na je wurin jauro. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya haɗa ni da mutum biyu, muka kai damin bayan gari can nesa da gidaje muka cinna masa wuta, muka tsaya ta inda iska ke fitowa har ya zama toka, muka rufe da ƙasa. Da na share rumbun kuwa na tara ƙwayar iri ta kusa cika tafin hannu, ita ma na jefa a wutar. Inna za mu je Garwa ranar Litinin in Allah ya kai mu. Yaron na kira shi bai ɗaga ba, zan sake gwadawa da dare. Baban Sadiƙu, irin ramar da ka ce, fara ko ja ce ta fi zare mai ƙarfi?