Me ya sa masu kambun "mu ne na talaka" ke ta cin zaɓe?

Mai_Nazari: Salam 'yan uwa, abin nan na damuna wallahi. Jam'iyyun Turai da ke caccakar manya suna ɗora wa baƙin haure laifin komai sai ƙara ƙarfi suke, Giorgia Meloni, shugabar irin wannan jam'iyya, ta ci zaɓen Italiya 2022, jam'iyyar AfD mai adawa da baƙin haure ta zo ta biyu a Jamus 2025. Wai meke faruwa ne?

Uwar_Biyu: Gajiya ce malam, rayuwa ta yi tsada, kuɗin haya ya hau, tsofaffin jam'iyyu kuma sai alkawari, to duk wanda ya zo yana huci binsa ake ko bai da tsari.

Abu_Hanif: Haka ne yaya, ni Musulman can nake ji. Geert Wilders, ɗan siyasar Holan da ya taɓa neman a haramta Alƙur'ani, kujeru 37 jam'iyyarsa ta samu a majalisar ƙasar 2023.

Uwar_Biyu: Gwamnatin haɗakar da jam'iyyarsa ta shiga ko shekara ba ta kai ba, shi da kansa ya janye.