Muhawara: Shin kulle grub.cfg ne maganin ɓacewar saiti?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Sau biyu ke nan ina gyara grub.cfg, wato fayil ɗin saitin GRUB, manhajar da ke nuna jerin zaɓi idan an kunna kwamfuta, da hannuna domin tsawaita lokacin jiran jerin zuwa daƙiƙa 15, amma da zarar Ubuntu, tsarin Linux ɗin da nake amfani da shi, ta saka sabon kanel, wato zuciyar tsarin, sai gyaran ya ɓace. Yanzu na kulle fayil ɗin da chattr +i, umarnin da ke hana a canja fayil, kuma a ganina babu hanyar da ta fi wannan, tunda tsarin ma ba zai iya taɓa shi ba.

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka bar jaki kana dukan taiki. Umarnin update-grub ne yake ƙera grub.cfg daga /etc/default/grub da rubuce-rubucen da ke cikin /etc/grub.d, shi ya sa a saman fayil ɗin aka yi gargaɗin kada a gyara shi. Idan ka kulle shi, sabon kanel ba zai shiga jerin zaɓi ba, sabuntawar tana iya tsayawa da kuskure, kuma ranar da aka share tsohon kanel ɗin da jerin yake nuni gare shi, kwamfutar ba za ta tashi ba.

Malama: Ban ƙi ta Malam ba, sai dai shi ma /etc/default/grub ɗin ba abin a saki jiki ba ne. Wata rana ana sabunta GRUB aka tambaye ni ko in riƙe nawa fayil ko in karɓi sabo, na danna ba tare da na karanta ba, saitina ya tafi. Tun daga nan nake ajiye nawa a wani fayil daban mai ƙarewa da .cfg a cikin /etc/default/grub.d, wanda ake karantawa bayan babban fayil, don haka maganarsa ce ke rinjaye.

Ɗalibi: To Malama, Windows ɗin da takan ɓace mini daga jerin fa? Kullewa ce kaɗai ta tsare mini ita.

Malam Injiniya: Wannan wata matsala ce daban. Tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021 aka daina kunna os-prober kai tsaye, wato manhajar da ke gano sauran tsare-tsare irin su Windows, saboda haka ka rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a fayil ɗin saitinka, ko kuma ka shigar da Windows da kanka a fayil ɗin 40_custom da ke cikin /etc/grub.d.

Ɗalibi: Zan buɗe fayil ɗin da chattr -i in gwada, amma sai na fara ajiye kwafinsa a filashi, domin ban gama gamsuwa ba.